Shekarar da Na Ci Abinci da Ƙwallon Kwando

Akwai magana guda da ta daɗe tana yawo a cikin danginmu, daga Zariya har Dagenham, kuma na san ta iso kunnuwanku tun kuna ƙanana. Ana cewa wai babanku ya watsar da karatun da gwamnati ta turo shi ya yi, ya bi wasan yara, har ranar sunan 'yarsa ta fari ya bar mai jego a ɗaki ya tafi tsalle-tsalle da gajeren wando. Ke Ummi, a kanki maganar ta fi sauka, don sunanki ne. Na taɓa jin kina ba ƙannenki labarin da Turanci kina dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Yanzu da na ajiye tuƙi, gwiwoyina kuma suka zaunar da ni, na ga gara ku ji yadda abin ya faru daga gare ni, tun mahaifiyarku na kusa tana gyara min duk inda na zarce. Kun taso kuna ganina da rigar direban bas. Kafin ita na sa wata rigar, kakar wasa guda, kuma ban taɓa jin kunyarta ba.

Na zo Landan a tsakiyar shekarun tamanin domin karatun aikin safiyo. Yaya Inuwa ne ya tsaya min har na samu gurbin. Ku kun san shi dattijo mai sanda, ni kuwa na san shi a matsayin uba, domin mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya ɗauke ni, shi ya sa ni makaranta, shi ya nema min auren mahaifiyarku. Ƙwallon kwando a Zariya na koya, a kan wani filin siminti da ke fasa tafin ƙafa, saboda wani malaminmu ya dubi tsawona ya ce asara ne a bar shi haka nan. Da mahaifiyarku Binta ta biyo ni, muka kama ɗaki a Deptford, a saman shagon Alhaji Seidu, mutumin zangon Kumasi, mai sayar da doya da manja da busasshen kifi. Shi da matarsa Mma Adiza suka zama iyayenmu a nan. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne kowa "kai" ne, har Binta ta yi makonni tana waigawa in an ce mata "kai zo ka ci abinci". Gidan kullum a cike yake: masu gadi, masu sharar ofis, direbobin tasi, duk wanda ya sauko daga aiki sai ya biyo ya ci tuwo ya ji labarin gida. Alhaji bai taɓa kirana Sani ba. Dogo yake ce min, har unguwa ta ɗauka.

Sai kun fahimci yadda wasan yake a ƙasar nan a wancan zamanin. Ƙwallon ƙafa ce ta mallaki zuciyar mutane, namu kuwa sai ka juya jarida har ƙarshe kafin ka ga 'yan layuka a ƙasan shafi. Ƙungiyoyi ba su da filin kansu, ɗakunan wasanni na council, wato ƙaramar hukuma, ake ara. Daɓen cike yake da layuka kala-kala na wasu wasannin daban, sai ka riƙe a ranka wane launi ne naka. Sunan ƙungiya yakan canza duk lokacin da kamfanin da ke ɗaukar nauyinta ya canza. Amma duk da haka sana'a ce, ana biyan 'yan wasa, mutane na sayen tikiti su shigo, wani lokaci har talabijin ke nunawa. Kowace ƙungiya an yarda ta ɗauki baƙi biyu daga ƙasar waje, kuma kowa ya san ma'anar baƙi: Amurkawa. Su ke zuba yawancin ƙwallaye, su yara ke bi a sa musu hannu a takarda.

Ni dai ina zuwa wani ɗakin wasanni kusa da mu ran Lahadi don in warware gajiyar karatu. A nan Terry ya gan ni. Kocin wata ƙungiya ce ta kudancin Landan da ke babban rukuni, ɗan gajeren Bature mai faɗin ƙirji, wanda ya yi shekaru yana haɗa motoci a masana'anta a nan Dagenham kafin ya koma wasa gaba ɗaya. Muryarsa ta fi jikinsa girma. Ya ce in riƙa zuwa atisayensu, suna buƙatar dogon mutum da Amurkawansu za su riƙa gogawa da shi. Haka na yi watanni ina shan gwiwar hannu a haƙarƙari kyauta, ina jin daɗi. Ana cikin haka, kakar wasa ta fara ke nan, ɗaya daga cikin Amurkawan ya samu tayi a wata ƙasar Turai ya tattara kayansa. Bayan atisaye Terry ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Sani, gurbin nan ina so in ba ka," in ji shi. "Masu ƙungiya suna so in kira Amurka a turo wani. Na ce musu wanda nake nema yana Deptford."

Na ce masa ni ɗalibi ne.

"Na sani. Ba za ka iya haɗa biyun ba. Takardunka na karatu ba su yarda ka yi wannan aikin ba, kuma ni ba zan ɗauki rabin mutum ba. In ka yarda, mu za mu nema maka izinin aiki. Ka je ka yi shawara da matarka. Kuma kada in ruɗe ka, ban san ko ƙungiyar nan za ta kai baɗi ba."

Wannan gaskiyar da ya faɗa min ita ta sa har ya mutu ina ganin girmansa. Na koma gida da maganar a bakina. Saura min shekara guda in gama karatu, Binta kuma tana da cikinki, Ummi. Da aka idar da sallar magariba aka zauna cin abinci a falon Alhaji, na faɗa musu. Nan take gida ya rabu biyu. Wani mai gadi ya ce hauka ne, wani direba ya ce shi da zai samu ko gobe sai ya ajiye mota. Mma Adiza ta ajiye ludayi ta dube ni sama da ƙasa.

"Dogo, mata naka yana da ciki, kai kana zancen bol? Yaro zai ci bol?"

Alhaji ya bari kowa ya gama, sannan ya goge hannunsa. Ya ce shi shekarunsa da yawa a garin nan, kuma duk baƙin mutum ɗan Afirka da ya sani, in an kira shi aiki, to aikin da Bature ya ƙi ne. Bai taɓa jin an ture Ba'amurke an ce a ba ɗan zango ko ɗan Arewa wuri ba. Ya ce ba zai ce in yi ba, ba zai ce in bari ba, amma in tambayi mai ciki, don shi zai ɗauki nauyin. Binta yake nufi. Sai da muka hau sama ta zauna bakin gado tana murza ƙafafunta, ta ce min:

"Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka iya abin nan da gaske, ko dai tsawo ne kawai?"

Na ce na iya.

"To ka yi. Ran da kake dawowa daga makaranta da ran da kake dawowa daga wurin wasan nan, ba mutum ɗaya ne ke shigo min ɗaki ba. Amma kai za ka faɗa wa Yaya da bakinka, kuma kafin ka sa hannu, ba bayan ka sa ba."

Washegari na yi booking na waya zuwa ofishin Yaya Inuwa a Kaduna. A lokacin sai ka jira a haɗa ka, kuma muryarka takan dawo maka kafin ta mutumin ta iso. Na yi masa bayani iya iyawata. Da ya yi magana bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Sani, na shiga ofisoshin da ban taɓa zaton zan shiga ba saboda kai. Na tsaya a gaban yaran da na girma ina roƙo. Yanzu in koma in ce musu me?"

Na ce Yaya, dama ce da ba za ta sake zuwa ba, karatu kuwa ana iya komawa.

"Ba ka san duniya ba. In ka bar makarantar nan, ka nemi wani yayan. Kada ka sake kirana."

Ya ajiye. Na daɗe tsaye a bayan shagon Alhaji tsakanin buhunan gari, riƙe da kan waya. Ina so ku sani ban ɗauki maganarsa da wasa ba, kuma ban taɓa cewa bai da gaskiya ba. Ta inda yake tsaye, abin da ya gani daidai ne. Ni ma ta inda nake tsaye na ga nawa. Na je makaranta na sanar da su da kaina, na rubuta wa hukumar da ta turo ni, ban ɓuya ba. Ranar da aka kira ni ofishin shige da fice a Croydon kan takarduna, Alhaji ya rufe shago ya sa babbar riga ya raka ni, muka bi layi cikin sanyi tun da safe, yana ta gaya wa mutanen da ke gaba da bayanmu cewa wannan dogon da suke gani za su gan shi a talabijin.

Farkon kakar bai yi daɗi ba. Mun sha kashi a jere, kuma duk wanda ya zo kallo ya san inda zai ɗora laifi: ƙungiyar da ta ɗauki ɗan Afirka a gurbin Ba'amurke. Aikina ba na ado ba ne. Ni ne mai tsayawa ƙarƙashin kwando, in hana dogayensu shigowa, in kuma cafke duk ƙwallon da ta daki ƙarfe ta dawo kafin wani ya riga ni. Mai zuba ƙwallo shi ake tafa wa, mai wannan aikin kuwa sai dai ya koma gida da leɓe a fashe. Muna tafiya wasa garuruwan arewacin Ingila a cikin wata ƙaramar bas da Terry ke tuƙawa da kansa, gwiwoyina a haɓata, mu isa ƙafa ta sage, mu canza kaya a ɗakin da ruwan zafinsa ya ƙare. A wani garin, da na taɓa ƙwallo sai wasu 'yan kallo su fara kukan biri. Ran farko jikina ya yi sanyi. Wanda ya tsamo ni shi ne Calvin, Ba'amurken da ya rage mana, baƙar fata ne ɗan siriri mai saurin tsiya, wanda da farko ko gaisuwata ba ya amsawa sosai don gurbin abokinsa na gada. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya zo ya zauna kusa da ni.

"Kana jin su?" ya ce. "A garinmu na ji wanda ya fi wannan. Ba sa yi wa wanda ba ya damunsu. Ka kamo min ƙwallon nan kawai, ka jefo gaba ba tare da ka duba ba. Ina can."

Daga ranar muka gane juna. Ina cafkewa, kafin ƙafata ta taɓa ƙasa na juya na wurga ta tsawon fili, shi kuma ya riga ya fice kamar an harba shi. Ƙungiyoyin da suka tara manyan Amurkawa biyu masu son riƙe ƙwallo suka rasa yadda za su yi da mu. Muka fara ci. Bayan Kirsimeti sai ga ɗakin wasanmu yana cika, har ana ƙaro kujeru. Calvin ya fara biyo ni gida cin abinci, Mma Adiza ta sa masa suna Kalabi, tana zuba masa shito, miyar barkono irin tasu, har hawaye na zubo masa yana neman ƙari. Ita da ta ce yaro ba zai ci bol ba, ita ce ta koma dafa min ruwan zafi da gishiri tana gasa min idon sawu, tana faɗa tana cewa Turawan nan za su karya mata yaro. Sau ɗaya aka nuna wasanmu a talabijin. Ni ina fili ban gani ba, amma an ce shagon Alhaji ya cika har titi, kuma duk lokacin da aka hasko ni sai ya nuna akwatin da sandarsa ya ce wannan a samansa yake kwana.

Kaka ta zo ƙarshe muna cikin waɗanda za su yi wasannin fitar da gwani. Wasa ɗaya ya rage tsakaninmu da zuwa babban zauren da ake taruwa a yi na ƙarshe, inda ƙungiyarmu ba ta taɓa taka ƙafa ba. Za mu kara da wata ƙungiya daga arewa wadda ta doke mu gida da waje a shekarar, mai wani Ba'amurke da ya fi ni tsawo ya fi ni kauri, wanda ya taɓa buga wasa a manyan wurare a ƙasarsu. A cikin wannan makon aka haife ki, Ummi. Kin zo kafin lokacin da likitoci suka faɗa, 'yar mitsitsiya, tafin hannuna ya kusa rufe ki. Da aka lissafa ranar suna sai ta faɗo daidai ranar wasan, Lahadi, da la'asar. Ban yi wata-wata ba, na je na gaya wa Terry ba zan samu zuwa ba. Ya dube ni, fuskarsa ta yi ja, sannan ya ce iyali ne gaba, Allah ya raya. Na dawo gida na gaya wa Binta abin da na yi, ina jiran ta yaba min. Tana zaune Mma Adiza ta gama yi mata wankan jego, ɗakin duk tururi da ƙamshin kunun kanwa.

"Wa ya aike ka?" ta ce.

Na ce ai ranar suna ce.

"Suna da safe ake raɗawa. Da la'asar me za ka yi mana, kai za ka raba tuwo? Ka bar karatu, ka rasa Yaya, na kwana ni kaɗai da ciki kana kan hanya, duk don a zo ranar da ake nemanka ka zauna kana gaisa da baƙi? Ka koma ka gaya wa mutumin nan za ka zo. In ka zauna a gidan nan ran Lahadi, ni ka tozarta."

Ga ta nan zaune ina rubutun nan, na karanta mata, ta ce ban ƙara ko kalma ba, sai dai ma na rage.

Ranar Lahadi da safe falon Alhaji ya cika. Liman ya yi addu'a, aka raɗa miki sunan mahaifiyata, A'isha, shi ya sa ba wanda ke kiran sunan a gidan nan sai Ummi. Aka raba goro da dabino, ragon kuma mahaucin unguwa ya riga ya yanka ya kawo. Mutanen zango suka zo, ɗaliban Arewa suka zo, har da wani likita ɗan Katsina da matarsa. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: ba wanda ya tsaya a matsayin uba daga wajena, don Yaya bai aiko ko da gaisuwa ba. Alhaji ne ya zauna a wurin. Bayan azahar na ɗauki jakata zan sulale, sai na ji muryarsa a bayana.

"Jama'a, uban yaro zai tafi aiki. Wanda ya ci tuwo nawa yau, shi tashi mu raka shi."

Haka aka yi. Maza suka miƙe da manyan riguna da huluna, wasu matan ma suka gyara ɗaurin kallabi suka biyo, aka bar Mma Adiza da tsofaffi wajen mai jego. Muka cika bas mai hawa biyu, sama da ƙasa. Masu karɓar tikiti a ƙofa ba su taɓa ganin irin wannan ba, suka tsaya suna kallon shadda da leshi na shigewa. Mutanenmu suka kama gefe guda na ɗakin. Yawancinsu ba su san dokar wasan ba, ba su san me ake ƙirgawa ba. Abin da suka sani shi ne Dogo nasu ne. Wani ya shigo da kalangu a ƙarƙashin riga.

Ba zan ce muku na fi Ba'amurken nan nasu iyawa ba. Ya fi ni. A farkon wasan ya ture ni kamar labule ya zuba ƙwallo a kaina, ya sake, ya kuma sakewa. Amma na lura ba ya son gudu, kuma ba ya son a riga shi wurin tsayawa. Sai na daina kokawa da ƙarfinsa, na koma riga shi isa, in kafa ƙafafuna in bar shi ya zagaya. Duk ƙwallon da ta daki ƙarfe na ɗauke ta tamkar tawa ce aka ara. Ina wurgawa Calvin na gudu. Zuwa rabin na biyu na ji numfashinsa a wuyana ya canza, ya fara riƙe min riga, alƙalin wasa ya fara busa masa. Kalangu na tashi, Turawan unguwa da suka saba tafi biyu su yi shiru suka kama kiɗan, ɗaki gaba ɗaya ya koma kiran "Dogo, Dogo", har da waɗanda ba su san ma'anarsa ba. Aka zo dab da tashi muna gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ƙwallo kuma a hannunsu. Kowa ya san wa za a ba. Aka ba shi, ya juyo da kafaɗa ya dake ni a ƙirji, ya tashi. Na tashi tare da shi. Har yau ina jin yadda fatar ƙwallon ta zauna a yatsuna. Na doke ta, ta yi gefe, Calvin ya dira a kanta ya rungume, aka busa tashi.

Abin da na fi tunawa ba ihun ba ne. Alhaji Seidu ne, dattijo mai furfura, ya tsallako cikin fili da babbar rigarsa, ma'aikata na ƙoƙarin tare shi, ya zo ya kama hannuna ya ɗaga iya inda tsawonsa ya kai, wato daidai kafaɗata. Mutumin da na tare kuma ya zo ya dafa ni ya tambayi su wane ne waɗannan masu kiɗa. Na ce masa 'yata aka raɗa wa suna yau. Ya girgiza kai ya yi dariya, ya ce da an gaya masa da bai wahalar da kansa ba. Na koma gida kafin magariba, leɓena a kumbure. Binta ta dube ni ta ce yaya. Na ce mun ci. Ta miƙo min ke ta ce to riƙe ta in samu in ci abinci.

A babban zauren an fitar da mu a wasan farko, ba wani abin faɗa. Mun je dai, na taka wannan daɓen, an kira sunana a lasifika an karya shi yadda suka saba. Da rani ya shigo, kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu ya janye, ƙungiya ta watse kamar yadda Terry ya yi tsoro. Calvin ya koma ƙasarsu. Wata ƙungiya a can arewa ta neme ni, amma a lokacin mahaifiyarku ta samu gurbin koyon aikin jinya a nan Landan, kuma na ga ita ma lokacinta ne. Na zauna ina renonki tana zuwa asibiti, takardunta ne ma suka riƙe mu a ƙasar nan shekarun da suka biyo. Karatun safiyo ban koma ba. Ƙofar da na ce wa Yaya ana iya komawa ta cikinta, na tarar ta rufe. Abokan karatuna sun koma gida sun zama manyan daraktoci, ni na zama direban bas, na naɗe ƙafafun nan a ƙarƙashin sitiyari har suka gaji. Wannan shi ne kuɗin abin, kuma ni na biya, da ni da mahaifiyarku. Amma wanda ya fi ciwo shi ne shirun Yaya. Nakan aika gaisuwa ta bakin masu tafiya, ba ta dawowa. Aka haifi Bashir, aka haifi 'yan biyu, bai ce komai ba.

Sai a cikin shekarun casa'in ciwon ido ya kawo shi Landan. Matarsa ce ta kira Binta a ɓoye, Binta kuma ta je filin jirgi ta ɗauko shi ta kawo shi flat ɗinmu ba tare da ta shawarci kowa ba. Ya zauna da mu, ina kai shi asibiti ina dawo da shi, muna gaisawa, muna zancen ruwan sama da mutanen da suka mutu, ba wanda ya taɓo tsohon zance. Bayan an buɗe masa ido, wata ranar Asabar, muna cikin mota sai ya ce:

"Sani, kai ni wurin."

Ban tambaye shi wane wuri ba. Ɗakin wasan an sayar da shi, ya zama shagon kafet. Muka shiga, wani saurayi ya taso yana tambayar irin wanda muke so, na ce kallo kawai za mu yi. Daɓen katakon yana nan a wasu wuraren, har da ragowar layukan. Yaya ya ce in nuna masa inda na tsaya. Na kai shi can ƙurya, tsakanin naɗaɗɗun kafet, na nuna masa inda kwandon yake da, da inda mutanenmu suka zauna. Ya samu wani naɗi ya zauna, ya dogara sandarsa, ya ce in faɗa masa tun daga farko. Na faɗa masa. Ya riƙa tsayar da ni yana tambaya: shi mutumin ya kai ina a jikina, me ya sa ba a yarda a riƙe riga ba, wa ya kawo kalangu. Da na zo wurin da na doke ƙwallon sai na ga ya ɗaga nasa hannun sama kaɗan, bai ma san ya yi ba.

Muka fito muka shiga mota. Mun yi nisa yana kallon titi ta taga da sabon idonsa. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Irin wannan rana, ga suna ga wannan, me ya sa ba ka gayyace ni ba?"

Na riƙe sitiyari da kyau. Amsoshi da yawa sun zo min baki, kuma duk gaskiya ne. Na ce:

"Nisa ne, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Haka ne," ya ce. "Da nisa."